Yadda za ka rubuta labarin tuggun siyasa kan Rasha ba tare da ka faɗa tarkon "mugun ɗan KGB" ba

Duk wanda ya ce zai rubuta labarin makirci da tuggun siyasa kan Rasha, hoton da ke fara faɗo masa guda ne, wani ƙato mai doguwar kwat, fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa, guba a aljihu, ƙanƙara na zuba. Wallahi an gaji da wannan mutumin. Ba wai babu shi ba ne, ai an kashe tsohon jami'in leƙen asiri Litvinenko da gubar polonium a Landan a 2006, an harbe ɗan adawa Nemtsov a kan gada dab da Kremlin a 2015, to amma idan da wannan kaɗai ka zo, mai karatu ya riga ya san ƙarshen labarinka tun shafi na biyu. Ni a ganina abin da ke riƙe irin wannan labari ba guba ba ce, takarda ce. Wani tsohon fayil da ke kwance a ma'ajiya, da sa hannun wani a ciki, kuma jikan mai sa hannun yau babban mutum ne.

To fara da zaɓar shekaru biyu, ɗaya a da ɗaya a yanzu, ka ɗaure su da igiya guda. Ta dā ɗin, in ka tambaye ni, 1937 babu kamarta. A watan Yulin shekarar hukumar 'yan sandan ciki ta Sobiyet, NKVD, ta fitar da umarni mai lamba 00447, wanda ya yanka wa kowane yanki adadin mutanen da za a harbe da waɗanda za a tura sansanin gwale-gwale, wato tun kafin a san waye mai laifin an riga an ƙayyade yawansu. Mutum uku ne ke yanke hukunci, shugaban NKVD na yankin da sakataren jam'iyya da mai gabatar da ƙara, galibi ko ganin wanda ake tuhuma ba sa yi. Tsakanin 1937 da 1938 an harbe mutum kusan 680,000. A filin Butovo kaɗai, bayan garin Mosko, sama da 20,000. Kada ka zuba wa mai karatu waɗannan alƙaluman kamar darasi, kai dai ka san su, sannan ka ɗauki mutum ɗaya daga ciki, akanta ne ko malamar makaranta ko direban jirgin ƙasa.

Yanzu ga inda daɗin yake. Idan an harbe mutum, ba a gaya wa iyalinsa, sai a ce an ɗaure shi "shekara goma ba tare da izinin wasiƙa ba". Matar ta yi ta jira, shekara goma ta cika shiru. Bayan Stalin ya mutu a 1953, shugaba Khrushchev ya yi jawabinsa na sirri na tona laifukan Stalin a 1956, aka fara wanke mutane, sai aka riƙa ba iyalai takardar shaidar mutuwa ta ƙarya, a rubuta wai ciwon huhu ko ciwon zuciya ne ya kashe shi, a sa wata shekara ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara faɗin gaskiya. Ka ga ke nan gida guda zai iya ajiye takardu biyu ko uku kan mutuwar mutum ɗaya, kowacce da hatimin gwamnati, kowacce da kwanan wata daban. Ka sa jarumarka ta tsinci biyu daga ciki a cikin gwangwanin biskit na kakarta bayan rasuwarta, shi ke nan labari ya tashi, ba ka buƙatar ko harsashi ɗaya a babin farko.

Daga nan ka kai ta ɗakin karatu na ma'ajiyar takardu, kuma a nan ka ɗan tsaya, kada ka yi sauri. Sai ta kawo shaidar cewa ita jininsa ce, takardar haihuwarta da ta uwarta har a kai ga kakan. A miƙo mata fayil mai bangon kwali da ya yi rawaya, a bangonsa an buga cewa a adana har abada. Hoto biyu a ciki, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, an aske masa kai. Tambayoyin farko ya musa komai kuma sa hannunsa a miƙe yake, bayan sati uku ya "amsa" cewa shi ɗan leƙen asirin Japan ne, sa hannun ya koma kamar na yaro mai koyon rubutu. Babu inda aka rubuta an doke shi, hannun ne ke faɗa. Wasu shafukan kuma an rufe su da takarda an maƙale, ma'aikaciya na zaune kusa tana kallon ta, kuma can ƙarƙashin abin da aka rufe ɗin ne sunan wanda ya kai ƙara yake. Duk littafinka yana ƙarƙashin wannan maƙalalliyar takardar.

Me ya sa har yanzu ake rufewa? Wannan dole ka fahimce shi in ba haka ba labarin zai zama iska. A Jamus ta Gabas an buɗe fayilolin Stasi, 'yan sandan cikinsu, mutane suka je suka karanta wanda ya yi musu leƙen asiri. A Rasha ba a yi wannan wankin ba. An tumɓuke gunkin Dzerzhinsky, wanda ya kafa 'yan sandan cikin Sobiyet, daga dandalin Lubyanka na Mosko a Agustan 1991, jama'a na ta ihu, amma ginin hedikwatar hukumar yana nan kuma masu aiki a ciki suna nan, suna kawai aka yi ta canzawa tun 1917, Cheka, OGPU, NKVD, KGB, sai FSB a 1995. Har yau ranar 20 ga Disamba, ranar da aka kafa Cheka, ita ce ranar bikin ma'aikatan tsaro. Putin kansa ya yi aikin KGB a Dresden, ya shugabanci FSB a 1998. Wato wanda ke riƙe da makullin ma'ajiyar magajin wanda ya rubuta fayil ɗin ne. Ƙungiyar Memorial da ta kwashe shekara talatin da wani abu tana tattara sunayen waɗanda aka kashe, kotun ƙoli ta rufe ta a Disambar 2021, a 2022 kuma ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Yuri Dmitriev da ya taimaka aka gano kaburburan waɗanda aka harbe a Sandarmokh da ke yankin Karelia a 1997 yana gidan yari. Amma kuma, lura fa, Putin ɗin nan ne ya buɗe katangar tunawa da waɗanda aka zalunta a Mosko a 2017. An yarda a yi makokin mamaci, abin da ba a so shi ne a ambaci sunan makashi. Idan ka kama wannan ka kama bakin zaren.

Sai batun kuɗi, don tsohon zunubi kaɗai ba ya sa a bi mutum da mota cikin dare, sai in akwai abin da wani zai rasa yau. Shekarun 1990 ne gadarka. A Janairun 1992 aka saki farashi, ajiyar da tsofaffi suka yi shekaru suna tarawa ta zama takarda, aka raba wa kowa takardar hannun jari ta rubul 10,000, da yawa suka sayar da ita a banza don cin yau. A 1995 aka yi cinikin nan na ba gwamnati bashi a karɓi manyan kamfanoni jingina, 'yan tsiraru suka wayi gari da arzikin ƙasa a hannu. Dubi Norilsk, garin da fursunoni suka gina da hannunsu a cikin sanyin Arewa, ma'adinansa suka koma hannun 'yan kasuwa a wannan cinikin. Ka ƙirƙiri naka garin da naka kamfanin, kada ka ɗora laifin da ka ƙaga a kan mutumin gaske, amma ka bi wannan sawun: kaka ya yi gadin sansani, uba ya zama darektan masana'anta ɗan jam'iyya, ɗa ya mallake ta a 1995, yanzu kuma yana neman kujerar gwamna ko yana son gina rukunin gidaje a kan wani fili da tsofaffin garin suka san abin da ke ƙarƙashinsa.

Kuma don Allah ka ba mugun naka hujja. Kada ya zama dodo. Shi a ganinsa ya ga abin da ya faru da aka saki linzami, tankoki na harbin majalisa a Oktoban 1993, albashi ba ya zuwa wata da watanni, rubul ya rushe a 1998, don haka duk mai tone-tone so yake a koma can. Kakansa ma wataƙila an harbe shi daga baya, ai shugabannin hukumar kansu ba su tsira ba, Yagoda a 1938, Yezhov a 1940, Beria a 1953. Gida ɗaya zai iya ƙunsar makashi da wanda aka kashe, wani lokacin ma mutum ɗaya ne. Haka nan kada ka sa kowane mutumin kirki a labarin ya tsani zamanin Sobiyet, ƙarya ce. Tsohuwar da aka kashe ubanta a 1938 za ta iya ajiye lambobin yabon mijinta na yaƙi, ta yi kuka ranar 9 ga Mayu, ranar tunawa da nasara a Yaƙin Duniya na Biyu, don ƙasar ta rasa mutum kusan miliyan 27, ta kuma ce maka da can aƙalla likita kyauta ne. Bar ta da ruɗaninta, kada ka gyara mata.

Wuri kuma, fita daga Kremlin, kowa can yake kai labarinsa. Shiga kicin. A gidajen bene biyar na zamanin Khrushchev kicin ɗin bai wuce murabba'in mita biyar zuwa shida ba, nan ake shan shayi ana faɗin abin da ba a faɗa a waje, tsoho ya kunna famfo ko ya ƙara sautin rediyo kafin ya buɗe baki ko da kuwa yanzu wayar da ke aljihun jikarsa ce abin tsoro. Ko tsohon gidan haɗaka da suke kira kommunalka, iyali biyar kicin ɗaya banɗaki ɗaya, inda wani zai kai ƙarar maƙwabcinsa ba don aƙida ba, don ɗakinsa ya fi faɗi. Akwai kuma wasu ƙananan allunan ƙarfe da aka fara maƙalawa a bangon gidaje tun 2014, girman tafin hannu, an rubuta sunan wanda ya zauna a nan da sana'arsa da ranar kama shi da ranar harbe shi, a gefe an huda rami mai kusurwa huɗu a gurbin hoton da babu. A 'yan shekarun nan ana wayar gari a ga an ɓalle wasu, sai ramukan kusa huɗu a bango. Wannan kaɗai babi ne.

Kalmomi kaɗan sun isa, kada ka cika. Stukach shi ne ɗan rahoto, asalin kalmar mai ƙwanƙwasa. Kompromat takardun da ake ajiyewa don a murɗe wuyan mutum ranar da ake buƙata. Krysha rufin ɗaki ne, amma ana nufin uban gidan da ke kare ka. Siloviki su ne masu kaki da bindiga a gwamnati. Sannan yadda ake kiran mutum makami ne, girmamawa ita ce suna da sunan uba, kamar Vladimir Vladimirovich, na gida kuwa Volodya ne, to idan jami'in da ya yi awa guda yana kiran jarumarka da cikakken suna ya sauko kwatsam ya kira ta da sunan da kakarta kaɗai ke kiran ta da shi, ba sai ya nuna bindiga ba, ta san sun daɗe suna saurare.

Ƙarshen ne ke kayar da yawancin marubuta, sai su kai maganar kotu alƙali ya buga guduma a kama mugu. A wannan ƙasar da kake rubutu a kanta, wannan ba zai shiga kan kowa ba. Nasarar da za a yarda da ita ƙarama ce. A dā duk 29 ga Oktoba mutane kan yi layi a gaban dutsen Solovetsky, dutsen tunawa da waɗanda aka zalunta da ke dandalin Lubyanka, fuska da fuska da ginin hukumar, kowa ya karanta suna da shekaru da sana'a da ranar da aka harbe, sannan ya matsa wa na baya, har zuwa lokacin da hukuma ta daina ba da izinin taron a wurin. Ka ba jarumarka irin wannan, ta rasa aikinta, wataƙila an lakaba mata tambarin "wakiliyar ƙasashen waje" ƙarƙashin dokar nan da ta samo asali a 2012, amma sunan da ke ƙarƙashin maƙalalliyar takardar yana hannunta, kuma sai ya zama sunan da ita ma take ɗauke da shi a fasfo ɗinta.