Yadda ake samun bizar L-1 idan kamfaninku zai tura ka reshensa na Amurka

Abu na farko dai, wannan bizar ba kai ke nemanta ba, kamfaninka ne ke nema maka. Duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi zai "haɗa maka L-1" alhali ba ka aiki a kamfanin da ke da ofis a Amurka, wallahi kuɗinka kawai zai ci.

Sai ka cika shekara ɗaya cur kana aiki da kamfanin a wajen Amurka, ba yankewa, a cikin shekara uku da suka wuce. Sannan ofishin da kake da wanda za ka je dole akwai alaƙa ta mallaka, ko uwar kamfani da reshenta, ko duka biyun mai su ɗaya ne. Kawai don kuna kasuwanci tare ba zai wadatar ba.

Iri biyu ce. L-1A ta manajoji ce da manyan shugabanni, ana iya sabunta ta har shekara 7. L-1B ta wanda ke da ilimi na musamman kan kayan kamfanin ko tsarin aikinsa ce, ita iyakarta shekara 5. Da farko shekara uku ake bayarwa, amma in sabon ofis za ka je buɗewa shekara ɗaya kawai za su ba ka su ga kamun ludayinku tukuna.

To ga inda mutane ke faɗuwa. Sunan muƙami ba ya burge jami'an USCIS, hukumar shige da ficen Amurka da ke duba takardun, ko kaɗan, an rubuta maka manaja a katin aiki amma ba kowa a ƙarƙashinka, kai ke buga takarda kai ke amsa waya kai ke zuwa banki, a wajensu kai ba manaja ba ne. Don haka tun kafin lauyan kamfani ya cike fom I-129, wanda da shi kamfani ke nema maka, ka zauna ka rubuta ainihin abin da kake yi kullum, mutum nawa kake kula da su, wa kake iya ɗauka ko sallama, kasafin kuɗin da ke hannunka, ka haɗa da takardun albashi na shekarar nan da zanen da ke nuna wa ke saman wa a ofis. Masu L-1B su ma haka, "ya iya kwamfuta sosai" ba hujja ba ce, sai an nuna abin da ka sani wanda ba za a tsinci mai shi cikin sauƙi ba.

In an amince za a turo takardar I-797, sai ka cike fom ɗin neman biza DS-160 a intanet, ka biya, ka ɗauki ranar intabiyu a Abuja ko Legas in a Najeriya kake. Manyan kamfanoni wasu suna da izini na bai ɗaya, su fom I-129S za a ba ka ka tafi da shi ofishin jakadanci kai tsaye. A intabiyu ka faɗi aikinka da bakinka yadda yake a takarda, kar ka haddace kamar karatun allo.

Iyali kuma L-2 ake ba su, mata ko miji da yaran da ba su kai 21 ba kuma ba su yi aure ba, matar ko mijin ma na da damar yin aiki. Mai mata biyu ya sani tun yanzu, ɗaya dokarsu ta sani.

Daɗin L-1 babu caca kamar bizar aiki ta H-1B, kuma neman girin kad ba ya ɓata ta. Amma fa a ɗaure kake da kamfanin, ba ka da ikon komawa wani da ita, in aikin ya ƙare kwana 60 ne mafi yawa za ka samu ka canza matsayin zamanka zuwa wata biza ko ka tattara. Kana sauka ka duba I-94 ɗinka, wato shaidar shigarka ƙasar, a intanet, ranar da ke jiki ita ce wa'adin zamanka, ba ta jikin bizar da aka buga a fasfo ba.