Darasi na 7: Neman Diyyar Rauni Bayan Hatsari

Idan mota ta buge ka, ko ka ji ciwo a wurin aiki, doka ta ba ka damar neman diyya. Sai dai damar tana da wa'adi, kuma daga ranar hatsarin ake fara ƙirga, ba daga ranar da aka sallame ka daga asibiti ba.

Wa'adi

Kowace jiha da tata dokar. A Legas da Abuja shekara 3 ce. Idan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ya buge ka yana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta ba ka. Wanda ya ji rauni a wurin aiki, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce ya sanar da wanda yake yi wa aiki cikin kwana 14, ya kuma kai buƙatarsa hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin shekara 1.

Ga inda aka fi yin asara. Mai mota ya zo dubiya da dattawan unguwa da ledar lemo, ya biya mai ɗori, ya ce, "Malam, ka warke tukuna, za mu zauna." Wata ya bi wata. Zaman sulhu ba ya tsayar da wa'adi. Ranar da ya cika, lauyan mai mota zai miƙe ya ce lokaci ya wuce, alƙali ya kori ƙarar bai ko dubi ƙafarka ba. A yi sulhu, ba laifi, amma a rubuta adadin kuɗi da ranar biya a gaban shaidu. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, musamman mai cewa ka yafe sauran haƙƙinka.

Laifin wa?

Kai da ka kai ƙara, kai za ka tabbatar cewa direba ya yi sakaci. Ka tanadi lambar motar, sunayen shaidu, rahoton 'yan sanda da zanen wurin hatsari, rahoton likita, da rasit na kowane magani, ko na naira 500 ne. Kuɗin da ba ka da shaidar kashe shi, da wuya kotu ta mayar maka. Idan direban yaron wani ne kuma aikin maigidansa yake yi, a haɗa da maigidan a ƙarar. A sanar da kamfanin inshorar motar a rubuce tun da wuri.

Idan kai ma da naka laifin, ba ka rasa diyya duka, ragewa ake yi. A ce ɗan acaba ne ba hular kwano, kotu ta yanke naira 2,000,000, ta ɗora masa kashi 25 cikin 100 na laifin. Naira 1,500,000 zai karɓa.

Kuɗin lauya

Wani lauya kafin aiki yake karɓa. Wani kuma ku yi yarjejeniya ya ɗauki kaso idan an ci shari'a. Ƙa'idar aikin lauyoyi ta yarda da haka a ƙarar neman diyya. Ko wanne ka zaɓa, a rubuta. Ka tambaye shi: kaso nawa? Wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na rahoton likita? Idan aka faɗi fa? Za a cire kason kafin a fitar da kuɗin ɗawainiya ko bayan an fitar? Wannan ta ƙarshe ita ke haɗa mutane faɗa da lauyoyinsu.

Wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 a wata tun 2024, ya nemi ofishin Legal Aid na jiharsa, wato hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya, suna ɗaukar ƙarar hatsari.

Aikin gida

Ɗan acaban nan ya yi da lauyansa kashi 20 cikin 100, an kuma kashe naira 100,000 wajen ɗawainiya. Lissafa abin da zai shiga aljihunsa ta hanyoyin biyu, wato idan an cire kason kafin a fitar da kuɗin ɗawainiya da kuma bayan an fitar, ka rubuta bambancin.