Ƙa'idar hannun dama: ku ajiye biro tukuna

Salam 'yan'uwa masu fama da fiziks. Idan kun zo amfani da ƙa'idar hannun dama a jarrabawa, wato dabarar gano alkiblar filin maganaɗisu a kewayen waya mai ɗauke da lantarki, ku fara ajiye biro. Mai rubutu da dama yakan ɗaga hagu ba tare da ya sani ba, sai amsa ta fito a juye.

Ga miƙaƙƙiyar waya, ku riƙe ta a zuci da hannun dama, babban yatsa yana nuna inda lantarki ke tafiya. Yadda sauran yatsu suka naɗe, haka filin maganaɗisu ke kewaye wayar. Wannan kewayen ne ya karkatar da allurar kamfas a gwajin da masanin fiziks Oersted ya yi a 1820. Idan kuwa wayar naɗaɗɗiya ce, aikin yatsun ya sauya: yatsu huɗu su bi lantarki a zagayen, babban yatsa ya nuna kan arewa na maganaɗisun.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne alkiblar lantarkin. Ƙa'idar tana bin tafiya daga kan batir mai alamar + zuwa mai alamar −, alhali elektron akasin haka suke bi. In tambaya ta ce elektron ne, ku juya amsar.

A zane, ɗigo yana nufin filin yana fitowa daga takarda zuwa fuskarku, gicciye kuma yana shiga ciki. Ƙa'idar Fleming, wadda ita ma da yatsun hannu ake yin ta, daban ce, kada ku cakuɗa su: a wajen Fleming, hannun dama na janareta ne, hagu na injin da lantarki ke juyawa.