Yadda ake neman kujera a jirgin wani kamfani idan an soke tashin jirginka

Duk da cewa a Zariya aka kafa kwalejin horar da matuƙa jiragen sama da ke Palladan tun shekarar 1964, garin ba shi da jiragen fasinja masu zirga-zirgar yau da kullum, saboda haka duk Bazazzagin da zai hau jirgi da mota yake fara tafiyarsa: ko dai ya nufi Kaduna mai nisan kimanin kilomita 80, ko filin jirgin Malam Aminu Kano, ko kuma ya miƙa har Abuja. Wannan ne ya sa soke tashin jirgi ya fi yi wa mutumin Zariya ciwo fiye da mazaunin Kano ko Abuja, domin shi ba ya da gidan da zai koma ya jira gobe sai ya sake kama hanya. Abin ya fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa hango titin sauka, amma lalacewar jirgi, da ƙarancin mai, da dakatar da kamfani gaba ɗaya, duk ba su da lokaci.

A irin wannan hali ana iya samun mafita a jirgin wani kamfani, sai dai taimakon iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana jawo wa mutane asara. Na farko shi ne kamfanin da ka sayi tikitinsa ya ɗauki nauyin mayar da kai jirgin abokin gogayyarsa, su biyun su daidaita kuɗin a tsakaninsu ba tare da ka ƙara ko kwabo ba. Na biyu shi ne wani kamfani, bisa raɗin kansa, ya sanar da rangwame na musamman ga fasinjojin da suka maƙale, inda kai ne za ka biya daga aljihunka, daga baya ka bi kuɗinka na farko. Ana fara neman na farko, ba a komawa ga na biyu sai an tabbatar na farkon ba zai samu ba.

Ƙa'idojin kare haƙƙin fasinja na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, suna cikin kashi na 19 na dokokinta da aka sabunta a 2023, kuma sun bai wa wanda aka soke tashin jirginsa zaɓi tsakanin a mayar masa da kuɗinsa ko a sama masa wata hanyar da za ta kai shi inda ya nufa. Zaɓin na fasinja ne, ba na ma'aikacin da ke kan kanta ba. Haka kuma su kansu kamfanonin sun san amfanin rufa wa juna asiri, domin a watan Maris na 2022 kamfanoni shida, wato Air Peace, Arik Air, Aero Contractors, Azman Air, Max Air da United Nigeria Airlines, sun rattaba hannu kan wani ƙawance da suka kira Spring Alliance, da nufin ɗaukar fasinjojin juna idan ɗayansu ya sami matsala. Yarjejeniya ce tsakanin kamfanoni, ba alkawari ba ce da aka ɗaukar wa kowane fasinja, kuma aiki da ita ya dogara ga samun kujerar da babu kowa, amma saninta yana ƙara wa maganarka nauyi.

Da zarar an yi sanarwar sokewa, kafin ka shiga layi, ka duba allon tashin jirage ko wayarka ka gano kamfanonin da ke da jirgi zuwa inda ka nufa a wannan rana, da lokacin tashinsa, da kuma ko har yanzu ana sayar da kujera a cikinsa. Ma'aikacin da mutum hamsin suka yi wa caa a kai ba shi da sukunin yi maka wannan bincike, amma idan ka zo masa da magana a dunƙule, aikinsa ya ragu. Ka ajiye katin shaidarka da lambar bukin ɗinka, wato lambar da aka ba ka lokacin da ka sayi tikiti, wadda galibi haruffa da lambobi shida ce, a gabansa, ka ce: "Malam, sannu da aiki. Ba kuɗina nake nema ba, isa Legas yau nake buƙata. Kamfani kaza yana da jirgin ƙarfe biyar kuma da sauran kujera, don Allah a mayar da ni can." Idan ya ce ba shi da hurumi, kada ka tsaya jayayya da shi, ka nemi ganin manajan tashar, domin yawanci a hannunsa irin wannan izini yake. Ɗaga murya da dukan kanta ba sa samar da kujera, ƙarshenta ma jami'an tsaro ne za su shigo cikin maganar.

Abu mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne kada ka yi gaggawar amincewa da mayar da kuɗi. Da zarar ka sa hannu a takarda, ko ka latsa wurin amincewa a saƙon da aka turo maka, nauyin kai ka inda za ka ya sauka daga wuyan kamfanin, kai kuma ka koma mai neman tikiti a ranar da kowa ke nema, lokacin da farashin kujerun da suka rage ya riga ya yi tashin gwauron zabi. Kuɗin ma ba nan take za su shigo ba idan ta banki ko ta intanet ka biya, domin doka ta bai wa kamfani kwanaki 14. Wanda ya biya tsabar kuɗi a tafiyar cikin gida ne kaɗai ya cancanci a ba shi nan take. Wanda kuwa ya saya ta hannun wakilin tafiye-tafiye, kuɗin ta hannun wakilin za su biyo, wannan kuma wani jiran ne.

A nan ne zaman Zariya tsakanin filayen jirgi uku yake zama alheri. Malamin Jami'ar Ahmadu Bello da ya je taro Legas, aka soke jirginsa na dawowa Kaduna, bai kamata ya nace sai Kaduna ba, domin jiragen da ke sauka can ba su da yawa. Ya faɗa wa ma'aikacin tun farko cewa Kano ta yi masa, Abuja ma ta yi, tunda daga Kano mota ce za ta kai shi Samaru cikin sa'o'i kaɗan, daga Abuja kuma akwai jirgin ƙasa daga tashar Idu zuwa ta Rigasa da ke Kaduna ga wanda ya isa a kan lokaci. Sai dai ya lissafa ƙarfe nawa zai sauka, domin kujerar da za ta ajiye shi Abuja bayan isha'i tana nufin kwana a can; bin hanyar Kaduna cikin dare ba shawarar da za a ba mutum ba ce.

Idan an amince za a mayar da kai, kada ka bar kanta da alkawarin baki kawai. Ka karɓi sabuwar lambar bukin ko takardar da kamfanin na biyu zai gane, ka je kantarsu su tabbatar sunanka ya fito a kwamfutarsu. Ka karɓo jakarka idan ka riga ka auna ta, domin ba ta bin ka da kanta, kuma ka tambayi nauyin kayan da sabon kamfanin ya yarda da shi, don ba lallai ya yi daidai da na farko ba. Mai tikitin zuwa da dawowa kuma ya sa a duba cewa ɓangaren dawowarsa yana nan daram, saboda tsarin kamfanoni da yawa yakan soke sauran tafiyar kai tsaye idan ya ga fasinja bai hau jirgin farko ba.

Taimako iri na biyu ya fi fitowa idan kamfani ya durƙushe ko ya shiga babban ruɗani. A 2014 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta sanar da cewa mambobinta masu zirga-zirga a Turai sun amince su riƙa sayar wa fasinjojin kamfanin da ya karye tikiti mai rahusa domin su koma gida. An ga haka a watan Maris na 2019 lokacin da kamfanin WOW air na ƙasar Aisilan ya daina aiki dare ɗaya, inda Icelandair da wasu kamfanoni suka fitar da irin wannan farashi. A Amurka kuma, da kamfanin Southwest ya soke tashi sama da 16,000 a ƙarshen Disambar 2022, kamfanonin American, United da Delta sun ƙayyade iyakar farashi a wasu hanyoyi don kada tikiti ya gagari waɗanda suka maƙale. Ba tausayi kaɗai ke sa su yin haka ba, kujerar da za ta tashi babu kowa ce ake sayarwa, ana kuma zawarcin sabon abokin ciniki, amma wannan bai rage wa fasinja komai ba. Irin wannan rangwame yana da sharuɗɗa: sai ka nuna tikitin kamfanin da ya gaza, wa'adinsa gajere ne, yakan fi shafar wanda ya riga ya fara tafiya yake son komawa gida, kuma sau da yawa ba a ganinsa a shafin sayar da tikiti, sai an kira waya ko an je kanta an ambace shi.

A cikin gida bai kamata a zauna jiran irin wannan sanarwa ba. Lokacin da aka dakatar da Dana Air a watan Afrilu na 2024, bayan jirginsa ya zame daga titin sauka a Legas, masu tikiti da yawa sun daɗe suna bin kuɗinsu. Idan an dakatar da kamfani baki ɗaya, kuma tafiyarka ba ta ɗaguwa, kamar ganin likita ko jarrabawa, ka sayi sabon tikiti da wuri, ka bi kuɗin farko a rubuce.

Masu zuwa Umara ko neman magani a Alƙahira sun fi kowa buƙatar lura da yadda aka yanki tikitinsu. Idan tafiyar daga Kano zuwa ƙarshenta a tikiti ɗaya take, kamfanin ne ke da alhakin sake tsara ta idan ɓangaren farko ya lalace. Idan kuwa tikiti biyu ne daban, misali na cikin gida zuwa Legas da na ƙasar waje daga can, kamfanin na biyu ba ruwansa da dalilin makararka, zai ɗauke ka a matsayin wanda bai zo ba. Saboda haka ka kira shi ko wakilinka tun kafin jirginsa ya tashi a ɗaga maka rana, domin kuɗin canji ya fi sauƙi a kan asarar tikitin.

Yayin da kake jira, haƙƙoƙinka suna nan. A tafiyar cikin gida, jinkirin sa'o'i biyu ya wajabta a ba ka ɗan abin taɓawa da na sha, bayan sa'o'i uku kana iya neman kuɗinka, idan kuma abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai ka can suna wuyan kamfanin. Sokewar da ba a sanar da kai da sa'o'i 24 ba tana da diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, sai dai idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar hazo. Ka adana rasit na otal, da na mota, da na sabon tikiti, ka ɗauki hoton saƙon sokewar. Idan kamfani ya yi biris da takardarka, NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi da kuma shafin shigar da ƙorafi a intanet, kuma a Disambar 2024 ta ɗauki matakin hukunci kan kamfanoni biyar bisa laifuffukan da suka haɗa da ƙin mayar da kuɗi a kan lokaci.

A kula kuma da 'yan damfara masu buɗe shafukan bogi da sunan kamfanoni a Facebook da X da WhatsApp, waɗanda ke bibiyar duk wanda ya yi ƙorafi a fili su ce za su sama masa kujera ko su mayar masa da kuɗi. Babu kamfanin jirgin da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta waya, kuma duk kuɗin da za ka biya, ka biya a kantar kamfanin ko a shafinsa na ainihi, ba a asusun wani mutum ba.