Masu binciken ƙara hako mai, ku daina dama folima da ruwan famfo

Wallahi na gaji da ɗaliban da ke kawo min sakamakon gwaji a nan Samaru wanda ba zai yi aiki a rijiyar mai ko ɗaya ba. Matsin ƙarƙashin ƙasa da kansa wajen kashi 10 cikin 100 na man yake turowa, in an tura ruwa ya kai 20 zuwa 40, sauran yana nan maƙale a ƴan ramukan dutse, shi muke nema da folima, wato sinadarin da ke ƙara wa ruwan da ake turawa kauri don ya turo man.

To yaro zai je Sabon Gari ya sayo ƙaro ko kuɓewa, ya dama da ruwan famfo, ya ga ya yi kauri, shikenan wai an dace. Haba! Ruwan da ke can ƙasa gishiri gare shi, ga kalsiyam da magnesiyam, ga zafin da ke wuce digiri 80 a rijiyoyi da yawa, ko HPAM, folimar da ake sayowa da tsada, tsinkewa take ta koma tsululu. Kuna ta kawo min misalin filin mai na Daqing a China da suka faɗaɗa aikin folima tun 1996, amma can zafin wajen digiri 45 ne kuma gishirin kaɗan ne, shi ya sa abin ya karɓe su.

Wani ɗalibi ya taɓa tura tataccen ruwa cikin guntun dutsen rijiya ɗaya tilo da na samo daga Neja Delta da kyar, lakar ciki ta kumbura ta toshe ƙofofin, allurar matsi ta hau ta ƙi sauka, aikin watanni ya lalace ina kallo. Har yau abin na ci min rai. Yanzu ba mai kunna min famfo sai na auna gishirin da hannuna, kuma folima sai ta kwana biyu a oben da zafin rijiyar na sake auna kaurinta. Wasu malaman na ganin na cika tsanani, su ta shafa.

Yashin Kubanni da kuka dura a bututu ba dutsen rijiya ba ne, ku rubuta haka a rahoto. Tura tururi na ɗanyen mai mai kauri ne irin na filin Duri a Indunusiya, kar ku ɓata shi kan Bonny Light, man Najeriya mara kauri. Ku rage gudun famfo, ruwa a ƙarƙashin ƙasa wajen taku ɗaya yake ci a yini. Sannan ku lissafa kuɗin sinadari a kan kowace gangar da ta ƙaru, don shi kamfani zai fara tambaya.