Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Aiki da Farar Wuta da Yadda Ake Gyara Su

Farar wuta, wadda masana kimiyya ke yi wa alama da harafin S kuma take da lamba 16 a jadawalin sinadarai, tana yaudarar mai kallo, domin a ido gari ce ruwan ɗorawa da ba ta nuna alamar haɗari. Yawancin kurakuran da ake yi a kanta sun samo asali ne daga auna ta da ma'aunin sauran abubuwa, alhali tana da halayenta na daban.

Mafi yaɗuwar kuskure shi ne ɗaukar warin ruɓaɓɓen ƙwai a matsayin warinta. Tsantsar farar wuta kusan ba ta da wari. Abin da hanci ke ji iskar haidurojin salfaid ce, wadda guba ce mai kisa. Mafi yawan farar wutar da ke kasuwar duniya a yau daga matatun mai da masana'antun tace iskar gas take fitowa, ta hanyar da Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista a 1883, saboda haka narkakkiyarta takan riƙe ragowar wannan iska, wadda ke fita a hankali ta taru a saman tanki. Idan iskar ta yi yawa takan kashe jin wari, sai ma'aikaci ya zaci ta gushe a daidai lokacin da ta fi haɗari. Kada a dogara da hanci. A sanya na'urar auna iska, kuma mai buɗe murfin tanki ya tsaya ta ɓangaren da iska ke busowa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi kuwa yana wajen narkarwa, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Farar wuta na narkewa a wajen digiri 115 na ma'aunin Salsiyos, ta zama ruwa mai gudu cikin sauƙi. Wanda ya saba da mai ko kwalta zai ɗauka cewa ƙara zafi zai ƙara tsinka ta, to a nan al'amarin yake juyewa. Da zarar ta kai digiri 159, zobban ƙwayoyinta masu ɗauke da atom takwas takwas sukan tsinke su haɗu su zama dogayen sarƙoƙi, launinta ya koma ja mai duhu, ta yi kauri da danƙo har a kifa kwanon gwaji ta ƙi zuba. Mai kula da famfo da ya ga gudu ya ragu ya ƙara tururin ɗumama ta, da hannunsa yake toshe bututu. Abin da ya dace shi ne a riƙe ta tsakanin digiri 130 da 150, a duba ma'aunin zafi kafin a taɓa komai, kuma idan ta riga ta yi kauri a rage zafin a ba ta lokaci.

Akwai kuma masu raina ƙurarta. Farar wuta ba ta wuce da lantarki, don haka gogayyar zuba ta ko sharar ta na tara caji a jikinta, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ƙurar da ke yawo a cikin sito ta fashe. Harshen wutarta shuɗi ne marar haske wanda da ƙyar ake gani da rana, sai dai hayaƙin salfa dayoksaid mai shaƙe maƙogwaro ya ba da labari. A haɗa injuna da wayar ƙasa, a daina hure ƙura da iskar kwamfuresa, a nisanta ta daga sinadaran naitiret da kuloret. Idan ta kama, a yi amfani da feshin ruwa mai laushi, domin ruwa mai ƙarfi ƙurar zai tayar.

Ganin cewa ba ta narkewa a ruwa ya sa wasu ke barin ta cikin danshi a kan ƙarfe. Jiƙaƙƙiyar farar wuta na cin ƙarfe da sauri, ta bar baƙin ɓawo wanda kan iya kamawa da wuta da kansa idan ya sha iska, saboda haka ma'ajiyarta ta zama busasshiya.

A gona, kuskuren na gaggawa ne. Saiwar shuka ba ta shan farar wuta yadda take, sai ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa sun mayar da ita salfet, aikin da ke buƙatar danshi da ɗumi kuma yake ɗaukar makonni ko watanni. Manyan dunƙule sukan daɗe ƙwarai ba su sauya ba, shi ya sa ake yin ƙwayoyin da aka haɗa da yumɓun bentonait, wanda ke kumbura da ruwa ya farfasa su. Mai buƙatar sakamako nan take ya nemi takin amoniyam salfet ko jifsam, amma ya sani cewa jifsam ba ya ƙara wa ƙasa tsami kamar yadda farar wuta ke yi. Wajen fesa farar wuta a matsayin maganin fumfuna kuma, yin sa lokacin da zafi ya haura digiri 30, ko cikin makonni biyu bayan feshin man kashe ƙwari, yana ƙone ganye.

A masana'antar roba, tun bayan da Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa dafa roba da farar wuta na ƙarfafa ta, ana samun masu zaton cewa ƙari alheri ne. Kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari ya wadatar ga roba mai laushi irin ta taya. Idan aka kai kashi 30 sai ta sandare ta zama ebonait, wato roba mai tauri ƙwarai. Farar wutar da ta wuce abin da robar za ta iya riƙewa takan fito saman ta kamar gari, ta hana sassan taya mannewa, kuma masu yin taya suna kauce wa hakan ta amfani da nau'in farar wuta mai dogayen sarƙoƙi, tare da kiyaye zafin injin cakuɗawa don kada ta koma asalinta.