Yadda Ake Amfani da Ruwan Sama Wajen Kiwon Kifin Ado a Zariya

Kifayen ado irin su neon tetra, cardinal tetra da discus asalinsu kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ruwa ba shi da tauri, wato ba ya ɗauke da sinadaran ƙasa masu yawa. Haka kribensis, wanda namu ne na kudancin Najeriya. Idan ruwan rijiyarka mai zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a cikinsa da sauri, kifayen nan za su iya rayuwa a ciki, amma kalarsu ta dushe, ƙwansu kuma sau da yawa ba ya ƙyanƙyashewa. Ruwan sama kyauta ne kuma yana magance wannan, da sharaɗi ɗaya: kada a zuba shi zalla. Masu kiwon guppy, molly ko kifayen tafkin Malawi kuwa ba su da buƙatarsa, don su ruwa mai tauri suke so.

A wajen tara ruwan ake yawan yin ɓarna. Daminar Zariya takan kankama daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma ruwan farko wankin rufi ne kawai: ƙurar hunturu, kashin tantabara da na ƙadangare, hayaƙin janareta, duk suna cikinsa. Bari a yi ruwa mai ƙarfi sau uku ko huɗu tukuna. Bayan haka ma, duk lokacin da aka fara ruwa, a bar na mintuna 15 na farko ya zube. Agusta ne watan cika mazubi.

Rufin kwano shi ne babban haɗari. Ruwan sama yana da ɗan tsami, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, wajen 5.6, saboda haka yana narkar da sinadarin zink da aka lulluɓe kwanon da shi, kuma zink ya fi yi wa kifi illa a ruwa marar tauri. Ido ba ya ganinsa, ruwan garau yake. Sai dai ka ga kifi na haki a saman ruwa, wurin numfashinsa da ke gefen kai ya yi majina. Mafita ita ce a kauce wa indararo gaba ɗaya. Ɗaura sabuwar leda mai kauri a tsakar gida, nesa da bishiya, ka karkatar da gefe ɗaya zuwa cikin baho. Kowace milimita ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka leda mai mita 2 tsawo da mita 2 faɗi za ta ba ka lita 80 a ruwan milimita 20.

Tace shi da farin ƙyalle, ka zuba a duron roba mai duhu, sabo ko wanda ruwan sha kaɗai ya taɓa shiga. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshin gona ba ta wankuwa, ko an wanke ta sau goma. Rufe bakin ruf saboda sauro, ka ajiye a inuwa don kada gansakuka ta fito. Kada a sa alimun. Akwatin kifi mai lita 60 yana cin kamar lita 6 na ruwan sama a mako, wato duro ɗaya mai lita 200 zai kai ka har wata daminar.

Sai haɗi, wanda shi ne zuciyar aikin. Nemi kayan gwajin pH, GH da KH na ɗigo. GH shi ne taurin ruwa, KH kuma shi ne ƙarfin da ke riƙe pH kada ya faɗi. A ruwan sama dukansu kusan sifili ne. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin matatar akwatin suna cinye KH yayin da suke sarrafa ƙazantar kifi, idan ya ƙare sai pH ya rufto cikin dare ɗaya. Da ya sauka ƙasa da 6, ƙwayoyin sukan yi sanyi, amoniya, sinadarin da ke fitowa daga ƙazantar kifi, ta taru. Mai kifi ya firgita ya sauya rabin ruwan da na rijiya, pH ya tashi, amoniyar nan ta koma dafi nan take. Kifaye da yawa ta haka suke mutuwa, sai a ɗora wa cuta laifi.

Abin da ake nema shi ne GH 3 zuwa 6, KH 2 zuwa 3, pH 6.5 zuwa 7. Lissafin mai sauƙi ne: idan ruwan rijiyarka ya nuna GH 12, kashi ɗaya nasa da kashi biyu na ruwan sama za su ba ka 4. In na famfo ne, a sa masa maganin kashe kulorin tukuna. Idan KH bai kai ba, giram 3 na bakin soda (baking soda) a lita 50 yana ɗaga shi da wajen maki 2. Kanwa ba ta maye gurbinsa, domin ba a san adadin abin da ke cikinta ba.

Haɗa ruwan a bokiti tun jiya, ka sa masa bututun iska ya kwana, in da hali da gawayin tace ruwa na kanti a cikin raga. Sauya kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai a mako, har akwatin ya kai inda kake so a hankali. Ruwan da ya ƙafe saboda zafin Maris da Afrilu, shi ne kaɗai ake cikewa da ruwan sama zalla, tunda sinadaran ba su ƙafe tare da shi ba. A lokacin hunturu kuma ruwan duro yakan yi sanyi ƙarara da asuba. Auna shi ya yi daidai da na akwatin, digiri 24 zuwa 27 ga tetra, 28 zuwa 30 ga discus, sannan ka zuba a hankali ta siririn tiyo.